Sabon samfurin takalmi na cin wata 2 kafin ya shiga kasuwa

Malam, ka ce sabon samfurin takalminku kan ci wata 2 kafin ya isa kasuwar Kejetia da ke Kumasi, Ghana. Ina zargin jira ne ke cinye lokacin. Dabarar da Taiichi Ohno, injiniya ɗan Japan, ya gina a kamfanin Toyota tun shekarun 1950 ke nan: bi kaya, ka ga inda suke kwana. A shagonmu na unguwar Aboabo, yankakkiyar fata kan yi kwana 4 cikin kwali tana jiran maɗinki. Sai muka rataya allo, kowane samfuri da katinsa, ba a haɗa fiye da 3 lokaci guda.

Ɗinka ƙafa 5 tukuna, 'yan kasuwa su taɓa su kushe, kafin ka yanka 200. Kada ka ruga sayen inji, da wuya ciwon yana can. In tafin takalmin ke ɓallewa, nemi masana a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, su gwada gam ɗin.