Tambaya da Amsa: Me zan shuka ya jure rani, ya kuma jawo ƙudan zuma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida, ina shuka kabewa da kankana. Suna fure sosai, amma 'ya'yan sai su kaɗe tun suna ƙanana. An ce mini rashin ƙudan zuma ne. Na sayo furannin ado a bakin titi a Kano, kafin watan Maris duk sun bushe. Ina mafita?
Daga wata mai karatu a Gumel, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya gaya miki haka ya san lambu. Kabewa da kankana furensu iri biyu ne, namiji daban, mace daban. Gobe da sassafe ki duba gindin furen mace, za ki ga ɗan ƙulli kamar ƙwallo. In ƙudan zuma bai kwaso garin furen namiji ya kai mata ba, ƙullin nan sai ya yi rawaya ya faɗi.

Furannin bakin titi kuwa an saba musu da ban-ruwa safe da yamma, ba za su iya da zafin Gumel ba. Ki juyo ga abin da ƙasarku ta saba da shi.

Ki fara da lalle, ki yi shinge da shi. Da ya kama ƙasa ba ya neman ruwa da yawa, fararen furanninsa kuma ƙamshinsu har tsakar gida. Sai magarya ko kurna a kusurwa. Furensu ƙanana ne, ba su da wani kyan gani, amma ki tsaya ƙarƙashinsu lokacin da suka buɗe, kunnenki zai gaya miki. Zumar kurna ce ma mutanen Yaman ke sayarwa da tsada.

In akwai fili, don Allah ki sa gawo. Shi ne bishiyar da ke kaɗe ganye da damina, ta yi kore ta yi fure bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da ƙudan zuma ya rasa abinci. A gonar mahaifina a kan gawo ake ɗora amya, ina yaro nakan ji gunjinsu tun daga kan hanya da sanyin hunturu.

Sabara, geza da kalgo ba sai kin saya ba. Kututturensu na nan a raye a ƙasa. Manoman Maraɗi a Nijar tun shekarun 1980 suke barin tohon irin waɗannan, su rage rassa su bar masu ƙarfi, abin da ake kira sassaben zamani. Idan akwai a gefen lambunki, ki hana a sare. Tumfafiya ma malam-buɗe-littafi na sonta, sai dai ruwanta na cutar ido, kada ta kusanci inda yara ke wasa.

Ki ajiye kasko da ruwa, ki zuba tsakuwa a ciki don ƙudan zuma ya sha bai nutse ba. Feshin magani kuma, in ya zama dole, sai bayan magariba, kada a yi shi da safe furanni na buɗe.

Kafin itatuwan su girma, ki riƙa tsinko furen namiji da hantsi bai yi ba, ki cire ganyayensa, ki goga kansa a cikin furen mace. Cikin 'yan kwanaki za ki ga ƙullin ya fara kumbura.