Masassaƙi Daban, Kafinta Daban: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk ƙamshin itace suke yi, don haka na haɗa su wuri guda.

Wani matashi mai rumfar kafinta a wani ƙauye kusa da Gezawa ya rubuto: “Allah ya gafarta Malam, kakana turmi da akushi yake yi, ni kuma gado da kabad. Na ce gadon sana'arsa na yi, abokaina suka ce ba haka ba ne. Wa ya fi gaskiya?”

Abokanka, ɗana, sai dai ka yi haƙuri. Kakanka masassaƙi ne, kai kafinta ne, kuma ba don ɗaya Hausa ce ɗaya aro ba ne kawai aka raba su. Dubi aikin. Masassaƙi gungume guda yake samu, na ƙirya ko na maɗaci, ya sa gatari ya fitar da siffa, sannan ya koma wa gizago yana ragewa, yana ragewa, har turmi ya fito. Babu abin da ya ƙara wa itacen. Kujerar tsugunno da kakarka take girki a kai, zauninta da ƙafafunta duk jiki ɗaya ne, ba ƙusa ba gam. Kai kuwa katako kake sarowa, wataƙila daga 'Yan Katako a Na'ibawa, ka auna, ka sa zarto, ka haɗa. Shi ragi yake yi, kai haɗi. Shi ya sa ba ma cewa an “sassaƙa” tebur, ba ma cewa an “haɗa” taɓarya.

Kalmar kafinta daga Ingilishi muka aro ta, muka mayar da harafin “p” da bakinmu ba ya so zuwa “f”, kamar yadda muka yi wa fenti da fensir da fasinja. Ta zauna daram har ta haifi jam'i, kafintoci. Ba ni da rigima da ita. Rigimata da masu labarai ce, waɗanda za su je kasuwar Wudil ranar Juma'a, su tarar da dattijo zaune cikin turame da muciyoyi da ƙotoci, su dawo su ce sun zanta da “wani kafinta”. Haba! Mutumin da bai taɓa buga ƙusa a sana'arsa ba?

Tun da na ambaci ƙusa, bari in huce. A wasiƙarka ka rubuta “kusa” sau uku, kana nufin ƙusa. Kusa kishiyar nesa ce. Kwanaki na wuce wata rumfa an rubuta “Ana sayar da kusa”, na ce wa direbanmu ya tsaya mu sayi kaɗan ko tafiyar ta ragu. Haka ake yi wa daka da ɗaka: ɗaya aikin turmi, ɗaya cikin ɗaki. Wayoyin yanzu duk suna da ƙ da ɗ da ɓ ga mai so. Ganda ce kawai.

Wata malamar firamare daga Ringim ta ce: “Mene ne bambancin itace da icce?”

Babu, Malama. Karin harshe ne. Kano itace, Sakkwato icce. Idan an tsaga shi da inji ya zama katako.

Wani dattijo daga Kazaure ya tambaya: “Sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Toho ne ko tofo? Kuma me ya sa gamji?”

Baba, duka biyun daidai ne. Musayar “f” da “h” tsohon abu ne a Hausa, kamar fuɗu da huɗu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne “tsiro” da yara suke sakawa yanzu. Iri ne yake tsiro daga ƙasa. Itacen da aka sare shi ne yake toho, sabon ganye daga tsohon jiki. Wanda ya canza kalmar ya zubar da ma'anar gaba ɗaya, domin maganar a kan wanda aka cuta ya farfaɗo take, ba a kan sabon shiga ba. Ku lura kuma an jera aiki biyu: sara na gatari, sassaƙa na gizago da ake yi wa ɓawo, irin na masu neman magani. Babbar cuta da ƙaramar cuta ke nan. Gamji kuwa ɗan gidan su ɓaure da ceɗiya da durumi ne, masu ƙaro fari kamar nono, kuma duk danginsu ba su da wuyar toho. Ga faɗin ganye, ga inuwa. Ba banza aka yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirari da shi ba.

Wani almajiri daga Gumel: “Allo Hausa ce?”

Larabci ce, daga “allauhu”. Mun haɗiye ta da “al” ɗinta, kamar alƙalami da aljihu. Amma allon kansa aikin masassaƙi ne, kuma na aduwa ake yabo.

Wata amarya daga Dambatta ta ce mijinta ya yi mata dariya da ta ce “akusoshi”.

Yana da gaskiya, 'yata. Akusa ake cewa. Amma idan baƙin akushi kika zuba masa tuwo a ciki, ki ce ya ci ya yi shiru.