Kada Ka Fasa Wi-Fi Ɗin Otal Kafin a Ba Ka Aikin

Tambaya: Ina da shagon gyaran waya da kwamfuta a Farm Centre, Kano. Na koyi aiki da Kali Linux da Aircrack-ng, manhajojin gwada tsaron kwamfuta da Wi-Fi, kuma na lura Wi-Fi ɗin otal-otal da shaguna da yawa ba shi da wani tsaro na kirki. Ina so in mayar da gwajin tsaron Wi-Fi sana'a. Abokina ya ce in fara fasa na wani otal, in kai wa manaja kalmar sirrinsa a rubuce, dole ya ba ni aiki. Akwai kuma masu zuwa su ce in buɗe musu na maƙwabci su biya ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, sana'ar akwai ta, akwai kuma abinci a cikinta. Amma shawarar abokin nan naka, ka bar masa kayarsa.

Ka ɗauka wani ya haura katangar gidanka da dare, da safe ya yi sallama ya miƙa maka takalminka da ya ɗauko daga tsakar gida, ya ce katangarka ta yi gajarta, shi magini ne. Aiki za ka ba shi ko ihu za ka yi? To haka manaja zai ji. Ba gwanintarka zai fara gani ba, tambayar da zai yi wa kansa ita ce me kuma yaron nan ya gani a ciki, kuma wa ya nuna wa. Daga nan sai waya ga 'yan sanda. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan shiga na'ura ko hanyar sadarwar wani ba izini, da kuma ba wa wani kalmar sirri don ya aikata laifi da ita. Sashe na 12 ya fi kusa da kai, domin shi ya yi magana kan tare bayanan da ke wucewa tsakanin na'urori, kuma hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 2, ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyun. Abin da kake yi ke nan daidai lokacin da ka sa adaftarka, wato na'urar kamo siginar Wi-Fi, ta kamo gaisuwar (saƙonnin haɗuwa) da waya ke yi da rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi. Cewa da niyyar alheri ka yi, wannan bayani ne da za ka yi bayan ka riga ka kwana a ofishin 'yan sanda.

Izinin ma ba kowane iri ba. A watan Satumbar 2019 an kama ma'aikata biyu na kamfanin Coalfire a wata kotu da ke jihar Iowa ta Amurka, suna gwada tsaron ginin da dare. Hukumar kotunan jihar ce ta ɗauke su aikin, takardar izini na aljihunsu, suka nuna. Shugaban 'yan sandan yankin ya ce ginin na ƙaramar hukuma ne, ba na jiha ba, don haka wanda ya ba su izinin ba shi da hurumi. Suka kwana a tsare, ba a janye tuhumar ba sai Janairun 2020. Ƙwararru ke nan masu kamfani da lauyoyi a bayansu. Kai da kake kai kaɗai, kada ka yarda da “je ka yi kawai” na yaron da ke zaune a teburin karɓar baƙi. Mai wurin, ko wanda ya wakilta a rubuce, shi zai sa hannu. Takardar ta faɗi sunan kowace rauta da za ka taɓa, ranar da za ka yi da sa'o'in, abin da aka yarda ka gwada da wanda ba a yarda ba, da lambar wanda za a kira idan maigadi ya tare ka. Shafi ɗaya ya isa. Ka biya lauya sau ɗaya ya tsara maka ita, ka riƙa canza suna da kwanan wata.

Akwai wani tarko da masu koyo ba sa lura da shi. A plaza irin na Farm Centre ko Kantin Kwari, da ka kunna adafta za ka ga rautoci sun jeru, na shagon sama, na ƙasa, na mai POS da ke bakin ƙofa. Izinin da aka ba ka na guda ɗaya ne. Ka ɗaure na'urarka a kan wannan kaɗai tun kafin ka fara ɗauka. Gwajin da ke tsinke mutane daga layi kuwa, ka bari sai an tashi daga aiki, don idan ka katse wa asibiti ko mai POS layi da rana tsaka, asarar a wuyanka take.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo ka. Kali Linux kyauta ne. Aircrack-ng, Wireshark, Kismet, Nmap, duk kyauta ne, kowane yaro mai laftof zai iya saukewa. Saboda haka ba su kake sayarwa ba. Kuma in gaya maka gaskiya, ɗan kasuwarmu ba ya cire kuɗi don a gaya masa yana da matsala. Yana biya ne a gyara masa. Shi gwajin, ƙofar shiga ce kawai, ribar tana cikin gyara da kula na wata-wata.

To ta yaya za ka gamsar da shi ba tare da ka taɓa kayansa ba? Ka sayi rauta taka mai araha ka sa a jaka. A gaban manaja ka ce ya sa mata lambar waya a matsayin kalmar sirri, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Lambobinmu 11 ne, huɗun farko irin su 0803 kowa ya san su, saura 7, wato zaɓi miliyan 10 kacal ga kowane farko, abin da kwamfuta mai ƙarfi ke gamawa kafin shayi ya huce. Ka fasa taka a gabansa. Sannan ka yi masa tambayoyin da ba sa bukatar wata na'ura: layin da kuke ba baƙi, shi ne kwamfutar akanta da kyamarorin tsaro ke kai? Yaushe rabon da a canza kalmar sirri, kuma ma'aikata nawa suka bar aiki tun lokacin? Shafin sarrafa rautar, har yanzu sunan da kalmar da ta zo da su daga kamfani ne? Yawanci kafin ka kai ta uku ya gyara zama.

Idan ya ce wa zai damu da Wi-Fi ɗinsa, ka ba shi labarin TJX, babban kamfanin kantuna a Amurka. A 2007 ya bayyana cewa an sace bayanan katin banki fiye da miliyan 45, kuma ɓarayin ta Wi-Fi ɗin wasu kantunansa suka shiga, waɗanda ke amfani da tsohon tsarin tsaron Wi-Fi mai suna WEP da aka san raunin sa tun 2001. Jagoransu, Albert Gonzalez, an yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 20 a 2010. Ka kuma tuna masa da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a, otal ne ko asibiti ko makaranta, nauyin kare su.

Gyaran kansa ba shi da wuya, shi ya sa yake da riba. Ka raba layin baƙi da na ofis. Ka kashe WPS, hanyar haɗa waya da rauta da gajeriyar lamba, domin tun 2011 aka gano lambarsa mai 8 ana tantance ta rabi-rabi, gwaji 11,000 ya ishe a same ta. Ka mayar da tsarin tsaron zuwa WPA3 idan rautar ta iya, in ba ta iya ba WPA2 da doguwar kalmar sirri. Ka sabunta manhajar rauta, wadda ta tsufa ka sayar masa da sabuwa, nan ma ka ci riba. Ka yi farashi bisa yawan rautoci da girman wuri, ba bisa awa ba, don gwanintarka za ta sa ka gama da wuri ka cuci kanka. Rabin kuɗi kafin aiki, rabi ranar miƙa rahoto. Rahoton ya kasance da harshen da Alhaji zai gane: ga abin da na samu, ga haɗarinsa ga kuɗinka, ga abin da na gyara. Bayan nan ka goge duk abin da ka kamo, ka rubuta a rahoton cewa ka goge. Abin da idonka ya gani a kwamfutar mutane kuwa, ko matarka kada ta ji.

Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunan, ka buga rasit. Otal da makaranta ba sa son tura kuɗi asusun mutum. Takardun shaidar ƙwarewa a tsaron kwamfuta irin su Security+ ko OSWP suna da amfani idan ka fara neman manyan kamfanoni, amma da dala ake biya, don haka kada ka ci bashi a kansu yanzu. Bari kwastomomin farko su biya maka.

Masu son ka buɗe musu na maƙwabci kuma, kuɗin da za su ba ka bai kai na cajin lauya na rana ɗaya ba, kuma ranar da asiri ya tonu sunanka ne na farko da zai fito daga bakinsu. Amma kada ka kore su hannu rabbana. Mutumin da ke neman Wi-Fi ɗin maƙwabci intanet mai araha yake nema. Ka ajiye ƙananan rautoci na MTN ko Airtel a shago, ka sayar masa, ka saita masa, ka nuna masa yadda shi da 'yan gidansu za su haɗa kuɗin data na wata.