Amsa ga mai tambayar auren tumatir a gidan leda

Malam, sannu da haƙuri. Ka ce tumatirin gidan ledarka yana yanƙwanewa da zarar ya fara 'ya'ya, kana tambaya ko aure, wato ɗora kan tumatir a gindin wani iri mai jure cuta, zai cece shi, kuma ko lafiya ne a ci irin wannan tumatir. Wallahi na san zafin abin nan. Da yamma ganye kore shar, hantsi na yi ya sunkuyar da kai kamar an watsa masa ruwan zafi. Ka ƙara ban ruwa, gobe na kusa da shi ya bi. Kafin mako layi guda ya tafi, ga kuɗin leda da na taki ba su fito ba.

Kafin ka kashe ko sisi, yanko karan wanda ya yanƙwane daga gindi, ka tsoma bakinsa a kofin gilas mai ruwa garau. In ka ga wani farin zare kamar madara yana sauka, bakteriyar Ralstonia ce. In kuwa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar nematod ce. A nan wasu masu sayar da dashe ke cutar bayin Allah. Su ce maka "mai aure ne", ba su faɗi wane gindi aka ɗora shi a kai ba. Gindin da ake kira Maxifort yana da ƙarfi, yana jure nematod da cutar Fusarium, amma bakteriyar nan tana kashe shi. Ita sai gindin tumatir Hawaii 7996 ko gautar EG203 ta cibiyar World Vegetable Center da ke Taiwan. Wanda ya kasa faɗin sunan gindinsa, riƙe kuɗinka. Juriyar nematod ɗin ma tana raguwa in zafin ƙasa ya haura digiri 28, ka kuwa san Afrilunmu.

In gauta ce gindin, ka shuka ta kwana 3 kafin tumatir, don kaurin karan ya zo ɗaya, milimita 1.5 zuwa 2. Sabuwar reza, a goge da sifirit, yankan karkace a duka biyun, a haɗa da maƙalin roba. Sannan akwatin jinya: duhu kwana 2 zuwa 3, laima kamar kashi 90, zafi kada ya kai digiri 30, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har mako. Wajen dashe kada mahaɗin ya taɓa ƙasa. In ka binne shi, na sama zai fid da saiwarsa, cutar ta shiga, wahala ta tashi a banza.

A ƙasa mai cuta bambancin amfani a fili yake. A ƙasa mai lafiya ƙarin ba lallai ya biya kuɗin dashen ba, shi ya sa ake barin rassa biyu a kowane gindi, don a rage yawan dashen da za a saya. Gindi mai ƙarfi kan ba da manyan 'ya'ya masu ruwa, zaƙi ya ɗan ragu, sai ka sassauta yuriya. Tsutsar Tuta absoluta kuwa, wadda ta cinye tumatirin Kadawa ta Kano a 2016, ba ruwanta da aure.

Ci lafiya lau ne in gindin tumatir ne ko gautar ci. Amma don Allah kada wani ya ruɗe ka da gindin zaƙami wai aure yana kamawa a kansa. Yana kamawa ɗin, sai dai gubarsa na hawa har cikin 'ya'yan. A Okinawa ta Japan, a 2006, wasu ma'aurata sun kwanta asibiti bayan sun ci gautar da aka aura a kansa. Gindin taba ma nikotin yake turawa sama.