Ku Tambaya Mu Amsa: Koya wa Matasa Riƙon Kuɗin Wata

Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 16, yana aji biyar na sakandare. Kullum da safe ina ba shi N500 kuɗin tara da N600 na adaidaita sahu, zuwa da dawowa. Ban da wannan, yau ya ce data ta ƙare, gobe ya ce aski. Nan da shekara biyu zai tafi jami'a, kuma ina tsoron kuɗin wata ba zai kai masa mako biyu ba. Ta ina zan fara? — Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaron da ake miƙa wa kuɗi kowace safiya ba shi da abin da zai tsara, domin ke kike yin lissafin, shi kashewa kawai ya sani. Abin da za ki sauya shi ne yadda kike ba shi kuɗin, ba yawansu ba.

Amma kada ki fara da miƙa masa na wata guda. Ki saya masa ƙaramin littafi, ya yi mako biyu yana rubuta duk abin da ya fita daga aljihunsa, har ruwan leda da rake. Sharaɗi ɗaya ne a kanki: duk abin da kika gani a ciki, ban da faɗa. Ranar da kika yi masa tsawa a kan tsiren N700, daga ranar littafin zai koma na ƙarya, sai ki riƙa ganin "kuɗin takarda" a ko'ina.

Bayan nan ku zauna tare ku haɗa jimilla. Wata yana da ranakun makaranta kimanin 22. Kuɗin tara ya kama N11,000, na adaidaita N13,200. A ce data N2,000, aski sau biyu N1,000, sabulu da man shafawa N1,500. Ya tashi N28,700. Yawancin yara ba su taɓa sanin abin da suke ci ya kai haka ba, su N500 kawai suke gani. Ki bar shi ya buga lissafin da hannunsa.

Sai a shiga miƙa ragama daki-daki. Wata na farko, ki ba shi na mako guda ranar Lahadi da dare, wato N5,500 na tara da mota. Idan ya yi makonni huɗu bai zo neman ciko ba, ki koma na mako biyu-biyu, ki ɗora masa data da aski. A wata na uku ko na huɗu ki ba shi duka, ki cika su N30,000, da yarjejeniyar cewa N1,300 da ke sama ajiya ce, kuma ita ake fara cirewa ranar da kuɗin suka shigo. Wanda ya ce sai ƙarshen wata zai ajiye ragowa, ba zai tarar da ragowa ba.

Kuɗin mota su zauna a ambulan dabam, don su ne ba sa ɗaga ƙafa. Kuma ya ƙirga kwanaki, kada ya raba kuɗin gida huɗu ya ce kowane mako kashi ɗaya. Mako huɗu kwana 28 ne, wata kuwa 30 ko 31, waɗannan kwana biyu ko ukun su ne suke kama mutane, har manya masu albashi.

Inda iyaye mata suka fi faɗuwa shi ne ranar da kuɗin suka ƙare, kuma za su ƙare, watakila tun ranar 20 ga wata. Zai zo yana sosa ƙeya. Idan kika ciro dubu biyu daga bakin zani, darasin da ya koya shi ne Umma ba ta iya ganin ɓacin ransa. Abinci yana nan a gida, ya ci ya ƙoshi kafin ya fita, ko ya tafi da ɗumame a kwano. Kuɗin mota kaɗai za ki ranta masa, a rubuta a littafin, a cire daga na wata mai zuwa. Ki sanar da Abbansa da yayyensa tsarin da kuka yi, don kada ki rufe ƙofa a buɗe masa taga.

Ni malamin lissafi ne a makarantar gwamnati. Ina so in yi wa 'yan aji shida darasin kasafin kuɗi wanda zai amfane su bayan sun fita. Na ga ana yawan ambaton tsarin 50, 30, 20. Ya dace in koyar da shi? — Wani malami daga Gusau

Malam, ka koyar da shi, sannan ka sa su gwada shi su ga inda ya karye. Tsarin ya ce kashi 50 cikin 100 na kuɗin shiga ya tafi ga larura, 30 ga sha'awa, 20 ga tanadi. Daga Amurka ya fito, inda abinci ba ya cin rabin albashi. A nan kuwa, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kimanin kashi 56 cikin 100 na abin da gidaje ke kashewa a kan abinci yake tafiya, kuma wannan tun kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Ka ba su adadi na gaske. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 shi ne N70,000. Alawus ɗin masu bautar ƙasa N77,000 ne. Ɗalibin da ya karɓi lamunin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba wa ɗalibai rance, yana samun N20,000 a wata na ɗawainiya. Ka raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki ɗaya. Farashi kuwa kada ka ba su daga kanka. Ka tura su kasuwa su tambayo kuɗin mudun shinkafa, na wake, na garin kwaki, kwalbar man gyaɗa, kilon gas ko buhun gawayi, su kuma tambayi dillalin unguwa nawa ake kama ɗaki ɗaya a shekara. Wannan fitar ita ce rabin darasin.

Ga misalin yadda na N70,000 zai iya fitowa, ku gyara da farashin garinku. Ɗaki N120,000 a shekara, wato N10,000 a wata. Abinci N35,000, abin da bai kai N1,200 a rana ba. Mota N13,200. Wuta da ruwa N3,000, kati da data N3,000, sabulu da makamantansu N2,000. Jimilla N66,200, saura N3,800. Abinci kaɗai ya cinye kashi 50 ɗin da aka ware wa larura gaba ɗaya. Kuma ba a sa magani ba, ba a sa ɗinkin Sallah ba, ba a sa ɗan abin da za a miƙa wa iyaye ba, wanda a wurinmu ba a lissafa shi cikin sha'awa.

Abin da ya fi muhimmanci su gane shi ne kuɗin da ba kowane wata suke zuwa ba. Haya sau ɗaya take zuwa a shekara, shi ya sa ake mantawa da ita sai mai gida ya aiko. Haka kayan azumi, ɗinkin Sallah biyu, gudummawar bikin aboki. Dabarar ita ce a haɗa su duka, a raba gida 12, a riƙa cire kason kowane wata tamkar yau ake bin sa.

Idan sun gama, ka rubuta ƙananan takardu ka naɗe, kowane rukuni ya zari ɗaya: zazzaɓi ya kama ka, gwaji da magani N8,000, waya ta faɗi sikirin ya fashe, albashi ya yi jinkirin kwana 12. Su faɗa wa aji inda za su rage. A nan za ka ji gardama mai daɗi, wani ya ce a haɗa ɗaki da aboki haya ta koma N5,000, wani ya ce a sayi keke, wata ta nuna musu cewa girki a ɗaki ya fi zuwa wurin mai shayi arha. Kada ka yanke musu hukunci, ka dai nemi lissafin ya daidaita.

Shekarata 17, ina koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Wata rana in samu N3,000, wata rana ko sisi. Ta yaya zan yi kasafi alhali ba ni da albashi? — Wani matashi daga Kano

Ƙanenmu, kai za ka yanka wa kanka albashi. Amma ka fara raba jari da riba. Idan ka sayo sikirin N9,000, mai waya ya biya ka N12,000, naka N3,000 ne, sauran na kaya ne ko da suna aljihunka. Masu sana'a da yawa a nan suke durƙushewa, su ci jari suna zaton ciniki ne ya buɗe.

Ka rubuta ribar kowace rana har wata uku. A ce ta fito N42,000, N28,000 da N35,000. Ka gina tsarinka a kan mafi ƙanƙanta, wato N28,000, ka riƙa ɗaukar N900 a rana, ko ka samu dubu biyar ko ba ka samu komai ba. Abin da ya haura ya zauna a asusu, shi zai ciyar da kai ranar da aka yi ruwa kasuwa ta mutu. Sai ajiyar ta kai abin da zai riƙe ka wata guda kafin ka fara taɓa ta don sayen kayan aiki.

Ka kula da mai POS. Idan yana cire N100 duk lokacin da ka karɓi kuɗi, kai kuma kana zuwa cire dubu ɗaya-ɗaya sau 20 a wata, ka ba shi N2,000, abincin kwana biyu ke nan a lissafinka. Ka cire na mako guda a tashi ɗaya.

'Yata mai shekara 15 tana so ta shiga adashi da ƙawayenta su goma, N1,000 duk mako. Kuɗin anko take tarawa. In bar ta? — Wata uwa daga Zariya

Ki bar ta, Hajiya, amma ki san uwar adashin, kuma a rubuta sunaye da jerin kwasa a takarda. Ki nuna mata cewa adashi ba ya haihuwa: N10,000 za ta zuba, N10,000 za ta kwasa. Amfaninsa shi ne yana raba ta da kuɗin kafin ta kashe. Haɗarinsa kuma yana kan masu kwasar ƙarshe, don wadda ta kwasa da wuri tana iya fara wasan ɓuya. Ta nemi kwasa ta tsakiya a zagayen farko.

Anko kuwa shi ne ramin. Ku zauna ku tsayar da adadi tun farkon shekara, misali uku, ita ta zaɓi na wa za ta yi. Sauran bukukuwan ta je da atamfar da take da ita. Idan kuma ajiyar ta fara yawa, a buɗe mata asusun banki na yara, wanda iyaye ke buɗewa da lambar BVN da NIN ɗinsu da takardar haihuwar yarinya. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ.

Na gano ɗana mai shekara 18 ya ci bashin N15,000 a wata manhajar waya, yanzu suna kiran 'yan uwa. In biya ko in ƙyale shi ya ɗanɗana? — Wani uba daga Bauci

Ka biya, Alhaji, domin irin wannan bashi tara ake ɗora masa kullum, kuma suna da lambobin da ke cikin wayarsa. Amma ka biya su kai tsaye, kada ka ba shi a hannu, ka ajiye shaidar biya, sannan a goge manhajar a gabanka. Ka tambaye shi cikin natsuwa me ya yi da kuɗin. Idan amsar ba ta fito fili ba, ka duba ko cacar ƙwallo ce, don sau da yawa ita ke tura samari cin irin wannan bashi, kuma in ita ce, biyan bashin kaɗai ba zai magance ta ba.

Kuɗin da ka biya ya zama bashinka a kansa. Ka riƙa cirewa daga kuɗin watansa, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, in ba haka ba matsi zai mayar da shi wurin wata manhajar. Idan N20,000 kake ba shi, ka cire N5,000 har wata uku, kowane wata ya rubuta abin da ya rage da hannunsa ka sa hannu a ƙasa.