Hukuncin aika riyal gida ta hannun ɗan canji

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam, ni direba ne a Jidda, duk ƙarshen wata nakan aika wa mahaifiyata da iyalina riyal 1,000 a Katsina. Banki yana cire kuɗin aiki, ga layi. Akwai wani ɗan garinmu da muke ba shi riyal, yaronsa a Kano ya tura naira a asusu. Ba ya cire komai, farashinsa ma ya fi na banki. Wani lokaci alat yakan shiga ina tsaye, wani lokaci ya ce sai jibi, zai biya da farashin ranar. Wani abokina ya ce akwai riba a ciki, haramun ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka bisa ɗawainiyar mahaifiya. Neman hanya mai rahusa ba laifi ba ne, ɗan'uwa, guminka ne. Ƙididdigar Bankin Duniya ta daɗe tana nuna cewa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara su ne mafi tsadar aika wa kuɗi, kusan kashi 8 cikin 100, kuma talaka ne yake biyan wannan.

Abin da kake yi ciniki biyu ne a haɗe: canji da aike. Riyal jinsi ne, naira jinsi ne daban, kuma malaman wannan zamani, har da Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, sun ba takardun kuɗi hukuncin zinari da azurfa. A hadisin Ubada ɗan Samit da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce idan jinsunan suka bambanta ku sayar yadda kuka so, matuƙar hannu da hannu ne. Don haka farashin da ya fi na banki halal ne, babu nassin da ya ɗaure ka da farashin wani. Sharaɗin da ba a sassauta ba shi ne karɓa kafin a rabu.

Dubi yadda Sayyidina Umar ya riƙe wannan. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Malik ɗan Aus ya nemi canjin dinari 100, suka daidaita da Ɗalha ɗan Ubaidullahi. Ɗalha ya karɓi zinarin yana jujjuya shi a hannu, ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri kusa da Madina. Umar yana ji, ya rantse cewa Malik ɗan Aus ba zai rabu da Ɗalha ba sai ya karɓi nasa. Ɗalha fa yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, ba wanda yake tsoron zai ci amana. Ke nan cewa "mutumin kirki ne, ɗan garinmu ne" ba ya ɗauke sharaɗin.

Ranar da ka miƙa riyal, ɗan canjin ya kira yaronsa, mahaifiyarka ta ce alat ya shiga kana nan tsaye, canjin ya inganta. Yaron wakilinsa ne, mai asusun wakilinka ne, an karɓa a zama ɗaya. Ranar da ya ce sai jibi kuwa, abokinka yana da gaskiya. An ba da kuɗi yau don karɓar wani jinsi daga baya, wannan ita ce ribar jinkiri, ga kuma farashin da ba ku sani ba ku biyun. Naira tana iya motsawa tsakanin Alhamis da Litinin, wanda ya riƙe riyal ɗin jama'a kwana huɗu shi yake zaɓar sa'ar da ta yi masa daɗi ya biya.

Wani zai kafa hujja da hadisin Ibn Umar, wanda yake sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami, aka ce masa babu laifi da farashin ranar in ba su rabu da saura a tsakaninsu ba. Wancan bashi ne da ya riga ya tabbata, sai ranar biya aka daidaita aka biya nan take. Ku kuwa tun farko canji kuka ƙulla, kuka sa masa jinkiri. Mafita mai sauƙi ce: in ya ce babu naira a ƙasa yau, mayar da riyal ɗinka aljihu ka dawo jibin.

To, ai banki ma yakan kwana bai isar ba? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, mai mazauni a nan Jidda, ta duba wannan a zamanta na 1995. Ta ce idan ka miƙa kuɗi, aka yanke farashi, aka rubuta shi a rasit, banki ya shigar a littafinsa, canjin ya kammala a nan, abin da ya rage aike ne, kuma ladan aike halal ne. Abin da ya sa aka karɓi rasit a matsayin karɓa shi ne akwai hukumar da za ta tilasta a biya. A fahimtata, saƙon murya a WhatsApp daga wanda ba shi da lasisi bai kai wannan matsayi ba.

Aiken kansa tsohon abu ne. Abdullahi ɗan Zubair yakan karɓi dirhami a Makka ya rubuta wa ƙaninsa Mus'ab a Iraƙi ya biya, Ibn Abbas bai ga laifi ba. Malamanmu Malikawa sun ƙuntata shi sai in tsoron hanya ya game, wasu kuma sun halatta saboda kowa yana amfana ba wanda ya cutu, kuma a kan wannan nake.

Saura maganar da ba zan ɓoye maka ba. Dokar Saudiyya ta hana sana'ar aika kuɗi ba tare da lasisin Babban Banki ba, kai kuma da alkawarin bin doka ka karɓi iƙama, wato takardar izinin zama. In aka kama ɗan canjin da kuɗinka a hannu, ko aka rufe asusun yaronsa saboda kuɗin wani da ba ka san asalinsa ba, ba ka da takardar da za ka nuna. Shi ya sa, ko a ranar da canjin ya inganta, nake ganin wanda yake da iƙama ya bar wannan hanya.

Ga cibiyoyin aika kuɗi na bankuna irin su Enjaz, Tahweel Al Rajhi da Fawri, ga manhajojin waya irin su urpay da ba sa buƙatar layi. Kada ka tsaya kan kuɗin aiki kawai, domin mai cewa kyauta ne yakan ci nasa a cikin farashi. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowa: riyal 1,000, bayan an cire komai har da harajin kashi 15 da ake ɗorawa kan kuɗin aikin, naira nawa za su shiga? Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, sai ka raba farashin dala a naira na ranar da wannan adadi, ka sami farashin riyal ɗaya, ka ga inda kowa ya tsaya. Kuma aike ɗaya a wata ya fi sauƙi a kan a tsinka shi gida huɗu.

Abin da ya wuce cikin rashin sani, ka yi istigfari, ba a neman ka mayar da komai.

Wallahu a'alam.