Mace nake so ta kula da ɗakin kwanan ɗalibai, amma bana ɗaukar amare aikin koyarwa: na taka doka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƴar makarantar kuɗi a Aboabo nan Kumasi, da ɓangaren kwana na ƴanmata. Ina neman mai kula da ɗakin kwanansu na ce sai mace. Sannan a malaman aji na daina ɗaukar amare, don shekara bata zagayowa sai ciki sai hutu, aji ya zauna ba kowa. Ɗana ya ce wai nuna bambanci ne za a iya kai ni ƙara. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A na farko kai ke da gaskiya, a na biyun kam yaron ne.

Maganar ɗakin kwana ba ta da wata matsala. Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, wadda Ghana ta amince da ita, ta ce in aikin ne da kansa yake buƙatar wani sharaɗi to ba a kiransa nuna bambanci. Wadda za ta shiga ɗakin ƴanmata da asuba ta tashe su, ta san wacce ta fara al'ada tana jin kunyar faɗa, ai dole mace ce. Haka in ka ce malamin Ƙur'ani sai wanda ya iya tajwidi. Abin dubawa kullum shi ne aikin ne ya nema ko kuwa ran mai gida ne ya so.

To koyar da lissafi a aji huɗu me ya haɗa shi da aure? Kuma Alhaji ka tambayi kanka, in ango ne ya kawo takardunsa sati biyu da ɗaurin aure za ka mayar da shi? Ba za ka mayar ba. Kenan ba auren kake gudu ba, cikin kake gudu, ciki kuwa mace ke ɗauka, shi ya sa abin ya zama bambancin jinsi. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 ya hana, sannan Dokar Ƙwadago ta 2003, wato doka ta 651, a sashe na 14 ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci kan jinsi, ƙabila, addini, nakasa ko siyasa, kuma ba ga ma'aikatanka kaɗai ba har wanda ya zo neman aikin ma ta rufe shi. Sashe na 57 ya ba mai jego hutun aƙalla sati 12 da cikakken albashi, in ta dawo tana da awa ɗaya a lokacin aiki ta shayar da jariri. Wadda aka kora saboda ciki tana iya zuwa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, a sa ka mayar da ita ko ka biya diyya.

Na san nauyin da kake ji ba ƙarya ba ne, albashin wata uku daga aljihunka yake fita ga iyaye basu gama biyan kuɗin makaranta ba. Amma wallahi abin nan yana min ciwo in na gan shi a Zango, wato unguwanninmu na Musulmi a Ghana. Ƴar yayata ta je intabiyu wani kamfani a Accra da digirinta, ta goge hijabinta tun dare, aka ce mata kwastomomi ba za su saki jiki ba sai ta cire. Ta dawo gida unguwar Nima ta zauna bakin gado da fayil ɗin a cinya, ko takalmi bata cire ba har magariba. Su ma hujjar kasuwanci suka kawo, irin taka sak. Mu da muke kukan ana ganin suna ko unguwa a ture takardunmu, bai kamata mu yi wa ƴaƴanmu mata haka ba.

Ka cire wannan sharaɗin. Ka gaya wa malamai duk mai juna biyu ta sanar da kai da wuri ba tare da tsoron kora ba, wata biyar ko shida sun ishe ka nemo malamin wucin gadi, ku rubuta yarjejeniya ta wata uku, kuma ka riƙa ware ƴan sidi kowane zangon karatu saboda irin wannan. Tallan mai kula da ɗakin kwana kuwa ka rubuta mace, ka ƙara layi ɗaya da ke faɗin dalili.